Ranar da Baba Ya Kira Magariba da Sauran Rana

Bana azumi ya komo inda ya bar ni ina yarinya. Ya bi ta sanyi, ya bi ta kaka, ya ratsa damina, ga shi ya sake faɗowa a wutsiyar bazara, lokacin da ƙasa take ƙona tafin ƙafa, kowa idonsa a gabas yana jiran ruwan fari. Jiya aka yi sha biyar ga wata. Tun da hantsi limamin unguwarmu a nan Bande yake ta faɗa a mikiro, wato lasifika: rabin wata ya tafi, sahun asham ya zube, a tashi a sabunta niyya. Gaskiya ya faɗa, kuma har da ni yake. Goman wuyar nan ta taɓa ni. Sai in ɗauki tasbaha in zauna, kafin in zagaya ta sau ɗaya gyangyaɗi ya sace ni. To da la'asar sakaliya sai hadari ya taso, ja daga ƙasa, baƙi daga sama, gari ya rufe. Ina tsaye da ludayi a kan tukunyar kunu, sai na daina juyawa. Jikata Rabi ta ce, "Iya, lafiya?" Na ce mata lafiya lau. Ba lafiya ba ce, Baba na tuna.

Baba shi ne ladanin garinmu, wani ɗan ƙauye a ƙasar Yekuwa wanda in ka tsaya a bakin rijiya kana ganin ƙarshensa ta ko'ina. Ba malami ba ne, manomi ne kamar kowa, sai dai Allah ya ba shi murya. In ya hau tudun ƙasar da aka gina masa a gefen masallaci ya toshe kunnuwa, har Fulanin da ke mashaya suna ji. Ba shi da agogo, radiyon garin guda ɗaya kuma pil ɗinta, wato batir, ya ƙare tun kafin azumi. Agogonsa wata doguwar giginya ce a bayan masallaci. Hasken rana na ƙarshe a kanta yake tsayawa. Idan jan ya bar ganyenta, ta yi baƙi, sai ya yi bismilla ya kira. Tun da na yi wayo ban taɓa jin an ce ya kuskure ba, kuma yana ji da kansa a kan haka, ba zan ɓoye ba.

Wadda ta fi kowa dogara da muryarsa ita ce Iya, mahaifiyarsa. Sunanta na ci, shi ya sa Baba bai taɓa kirana da sunana ba, sai Uwani. Idanunta sun rufe tun ban fara tafiya ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Ladan take cewa, kamar wani baƙo. In tana son ya gyara mata danga, sai ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa Ladan dangata ta faɗi," alhali yana zaune kusa da ita. Amma da muryarsa take sanin safiya da yamma, da ita take tashi, da ita take kai ruwa baki.

Daminar da ta gabaci azumin nan ba ta yi ba. Gero ya fitar da kai ya bushe a tsaye. Kafin sanyi ya fita an share gindin rumbu, samari sun tsallaka Najeriya ci-rani, aka bar gari ga tsofaffi da mata da magidantan da ba su da halin tafiya. Dilo muke ci, ƴaƴan anza. Sai Inna, mahaifiyata, ta jiƙa shi kwana da kwanaki tana sauya ruwa kafin ɗacin ya ragu, kuma ba ya fita duka. Ranar da aka samo kwaki daga kasuwar Mallawa, ranar nan ana dariya a gida. A haka azumi ya same mu, kuma shi ne na farko da ya hau kaina. Ina ta cika baki, na ce ko ɗaya ba zan sha ba, kowa ya shaida.

Sahur ruwa ne da ɗan abin da ya kwana. Gari na wayewa mu nufi rijiya ni da Inna, a bi layi, guga ya sauka ya daɗe kafin ka ji ya taɓa ruwa, ya fito rabinsa laka. Daga nan sai gona, ana binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Maza su sara da sungumi, mu bi bayansu mu jefa iri mu take da diddige, rairayi yana cin ƙafa. Kafin azahar kowa ya zube. Mu jiƙa zane mu lulluɓa a ƙarƙashin rumfa, kafin ka juya ya bushe ƙayau. Yawu ya yi kauri, harshe ya yi nauyi, ko faɗa ba a iya yi. Awaki ma sun daina kuka.

Goman marmari ta wuce da ɗan kuzarinta. Da aka shiga ta wuya sai masallaci ya zama kango. Baba ya kira, ya sauko, ya tarar da Liman da tsofaffi biyu, shi ke nan sahun. Asham kuwa an daina maganarta. Inna kanta na ga tana haɗa azahar da la'asar tana sunkuyar da kai. Wata rana Baba ya shigo gida ransa a ɓace, ya jefar da hularsa a kan tabarma.

"Wai azumi muke yi ko yunwa?" ya ce. "Tun kafin wata ya tsaya muke wuni ba mu ci ba. In babu salla a ciki, me ya raba su?"

Inna ta ce, "Malam, mutane sun galabaita."

"Ni ƙarfe ne?"

Washegari ya ari jaki ya yi ta jigilar farin rairayi daga ƙorama, da azumi a bakinsa, ya shimfiɗe masallaci fes. Ni da Inna muka share haraba, ya kafa zana a gefe don mata. Sannan ya bi gari gida-gida. Ya ce rabin wata zai tafi, kada a bari sauran ya bi shi. Ranar sha biyar kowa ya zo ƙofar masallaci da abin da Allah ya hore masa, a yi roƙon ruwa, a sha ruwa tare, a tayar da asham. Tanko maƙeri, abokin wasansa, mutum mai bakin tsiya, ya ce, "Ladan, me za mu kawo? Ɗacin dilo?" Baba ya ce, "Kawo shi, a haɗa ɗacin wuri ɗaya."

Wallahi aka zo. Ban taɓa ganin garinmu ya taru haka ba sai ranar salla. Na ja Iya da sandarta na zaunar da ita a bayan zana. Aka jera ƙore a kan sabon rairayi, wata da kunu tsararo, wata da kwaki, mafi yawa ruwa ne zalla. Liman ya yi karatu, ya yi addu'a, muna amin da busassun leɓɓa. Ana cikin haka iska ta tsaya cik. Sai wata mata ta ce, "Ku dubi gabas!"

Hadari ne, ja wur daga ƙasa, baƙi ƙirin daga sama, ya tokare duniya yana tahowa. Kafin a ce a rufe ƙore ya iso. Iska ta ɗauki zana ta maka da ƙasa, maza suka tashe ta suka riƙe. Gari ya yi duhu, irin duhun da ba ka gane fuskar na kusa da kai. Kaji suka shige akurki, jemagu suka fito. Baba yana kan tudunsa, rigarsa tana kaɗawa, yana neman kan giginya, babu ita babu alamarta. Ya jira. Ya ƙara jira. Na ji muryar Tanko daga cikin duhu: "Ladan, dare ya yi fa! Ko sai mun mutu za ka kira?" Wasu suka yi dariya, wani ya ce a ji tausayin tsofaffi. Baba ya dubi Liman, Liman ya ce, "Kai ne mai giginya." Iya ta yi wani busasshen tari a kusa da ni, kuma na tabbata ya ji. Sai ya toshe kunnuwansa ya kira.

Ban taɓa jin kiran da ya kai wannan daɗi ba, har yau. Ya ratsa iskar nan ya fita. Na kafa kai a ƙwarya, ruwan randa mai ƙanshin ƙasa, ina jin saukarsa har cikina. Na ba Iya ta sha. Ɗigon ruwan sama na fari ya faɗo mini a hannu, manya-manya, ƙasa ta tashi da ƙanshi, mata suka rangaɗa guɗa. Addu'a ta karɓu tun ba mu tashi ba. Sai gefen hadarin ya ɗage daga yamma, kamar an ɗaga labule, ga rana tsaye, ja, da sauran tafiya a gabanta. Kan giginya ya kama haske.

Guɗar ta mutu a baki. Wani ya ce inna lillahi. Tanko yana tsaye da kwaki cike da baki, ya rasa ko ya haɗiye ko ya tofar. Liman ya ɗaga hannu ya ce kowa ya kame bakinsa har rana ta faɗi. Ya ce babu zunubi a kan kowa, babu kaffara, amma azumin yau ya tafi, kowa zai rama ɗaya bayan salla. Bayan salla kuwa noma ne, ga fartanya ga yunwa, kowa ya san abin da hakan yake nufi. Ni kuka na fashe da shi, na yarinta, don cika bakina ya zube. Baba ya sauko daga tudu bai dubi kowa ba, ya bi ta cikin ruwa ya tafi gida. Magaribar gaskiya Liman ne ya kira ta. Ni na ɗauko wa Baba takalmansa da ya manta.

Da asuba ba mu ji shi ba. Liman ya kira da ƴar muryarsa ta tsufa wadda da ƙyar take wuce harabar masallaci. Gari ya waye da laima, binne ya sha ruwa, kowa yana murna, kuma kafin hantsi Tanko ya laƙaba wa Baba suna, Ladan mai magariba biyu, yara suka ɗauka. Baba ya je gona ya dawo ya zauna a bayan rumbu. Inna ta same shi ta durƙusa.

"Malam, kuskure ne. Kowa ya ga duhun nan."

"Ni na tara su," ya ce. "Da na bar kowa a gidansa, da wani ya jira. Na bi su gida-gida na ce su zo su gyara azumi, na karya musu da bakina. Na gama. A nemi wani."

Tsoro ya kama ni, don na san Baba: in ya ce ya gama, ya gama. Kuma na san in muryar nan ta mutu, shi ma ba zai daɗe ba.

Yamma ta yi, rana ta faɗi sarai, muka ji ɗan motsin muryar Liman daga nesa. Muka sha. Na kai wa Iya ƙwarya, ta karɓa ta ɗora a cinya.

"Iya, an kira."

"Wa ya kira?"

"Liman."

"Ban ji Ladan ba."

Na zaci wasa take. Inna ta zo ta roƙe ta, ta ce don Allah Iya ki sha, ga duhu ya fara. Tsohuwar nan leɓɓanta sun tsage, amma ta ƙi. Ta juya ta fuskanci danga yadda ta saba, ta ɗaga murya.

"A gaya wa Ladan, ni ba ni da giginya, ba ni da rana. Shi ke gare ni. Jiya ya ce in sha na sha, kuma ban yi da-na-sani ba, Allah ya ga abin da ya gani. Yau ma in ya ce in sha zan sha. In bai ce ba, ga ni ga ƙwarya."

Baba bai fito daga bayan rumbu ba. Muka tsaya cirko-cirko. Sai Iya ta yi abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Ta bar danga, ta juya daidai inda yake, ta kira sunansa.

"Habu! Tashi ka kira salla."

Inna ta rufe baki da hannu. Ni sai na ji kunya ta kama ni kamar na ga abin da bai kamata in gani ba. Baba ya fito daga bayan rumbu, fuskarsa jiƙe, ya wuce mu. Lokacin da ya hau tudu tauraro ya riga ya fito, mutane sun ma idar da salla. Ya kira duk da haka. Muryar ta karye a tsakiya, ya tsaya, ya ɗora. Sai da ya kai ƙarshe Iya ta yi bismilla ta sha. Daren nan sahun asham ya fito har waje, kuma bai ƙara raguwa ba har aka ga wata.

Ya koma kira, amma bai koma yadda yake ba. Ya daina yarda da giginya ita kaɗai, sai ya ga duhu ya tabbata. Ƙauyukan kusa suka riƙa yi mana ba'a, wai azuminmu ya fi na kowa tsawo. Kowa ya rama nasa a daminar nan, ni ma na rama, aka manta. Shi bai manta ba. Da bazara ta zagayo sai ya tashi da azumi, ya ce na Iya ne. Bayan kwana biyu ya ce na Liman ne. Liman ya same shi ya ce, "Ladan, ba a yi wa mai rai azumi. Kowa ya sauke nasa." Baba ya ce, "Na sani, Malam. In Allah ya karɓa, to. In bai karɓa ba, na dai ji ƙishirwar da na ja musu." Kuma ba ya yi da sanyi. Ya ce na sanyi ba zai tsaya a madadin na zafi ba, sai ranakun da ƙasa take tafasa. Shi ya sa abin ya ɗauki shekaru.

Da safe zai je ƙofar gidan mutum ya yi sallama ya ce, "Wane, yau naka ne." Tun ana hana shi har aka gaji, sai abin ya zama al'ada: gidan da ranarsu ce su za su kai masa kunun buɗa-baki. Ranar Tanko, shi da kansa ya ɗauko ƙwaryar, ya tsuguna gaban Baba ya ce ya yafe masa sunan nan da kuma maganar da ya yi a cikin duhu. Waɗanda suka rasu kafin a zo kansu, har da su yake yi. Iya ta rasu, Liman ya rasu, aka kawo ni aure Bande, na haihu, na yaye, na sake haihuwa. Duk bazara sai in tambaye shi, "Baba, ni fa? Ko ni ba mutum ba ce?" Ya yi murmushi ya ce, "Na gida sai ƙarshe, Uwani."

Wata bazara mai amalanken garinmu ya tsaya a ƙofata ranar kasuwa ya ce Baba ya ce in zo, nawa ya zo. Na sayi tsamiya da sukari, na surfa gero mai kyau, na bi shi. Na tarar Baba ya rame, wuyansa ya yi tsawo, wani ne ma yake hawa tudu a lokacin.

"Gobe naki ne," ya ce. "Daga shi na gama."

"Baba, ni na rama nawa tun shekarar. Ba ka da ƙarfi. Na yafe, wallahi na yafe."

"Ke kika fi tsaya mini a rai. Azuminki na fari, kina ta cika baki. Da hasken nan ya dawo, ke na fara gani ta kan zana, ƙwarya a hannunki."

Na tashi na jiƙa geron. Washegari aka yi rana irin ta shekarar nan, ko tsuntsu ba ya motsi. Na daka, na tace, na dama kunun da ban taɓa dama irinsa ba. Bayan la'asar yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ya ce, "Uwani, leƙa giginya." Na leƙa na ce, "Da sauran rana, Baba." Ya ce, "To, mu jira." Na koma na rufe kunun da faifai don kada ƙuda su faɗa. Da na dawo na yi masa magana bai amsa ba. Na taɓa ƙafarsa. Na fita waje ban san me nake nema ba, na ɗaga kai, jan rana yana nan a kan giginya.

Mutane suka ce ya yi kyakkyawan ƙarshe, ya cika da azumi a bakinsa. Haka ne, Allah ya jiƙansa. Ni dai so na yi ya sha kununa.

Jiya da hadarin nan ya rufe Bande babu wanda ya ɗaga kai. Rabi ta duba waya ta ce saura kaɗan, aka jera kofuna, aka fasa galas, wato ƙanƙara, a cikin ruwa. Lokaci na cika mikiro ya ɗauka, daidai, babu kuskure, kowa ya sha. Limamin unguwarmu ya wuni yana cewa a sabunta niyya, ni tawa hadari ne ya tashe ta. Na ɗauki kofina na fita ƙofar gida na tsaya ina duban yamma, ruwa yana dukan kwano, babu abin da ake gani. Rabi ta biyo ni.

"Iya, an kira fa."

Sai na ji bakina ya ce, "Ban ji Ladan ba."

Ta yi dariya, ta ce kunnena ya fara tafiya, ta koma ciki. Na bar ta a haka. Na tsaya da kofi a hannu har hadarin ya yage, tauraro ya fito. Na ce, "Baba, rana ta faɗi." Sannan na sha.